Injin Gahawa da Hannun Mai Agogo

"...Lafiya lau, alhamdulillahi. Ya kasuwa? Ya yaran?"

"Kowa lafiya, Baba. Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki da sauƙi. Abin da ke damuna ga shi nan a bayana, da jaka a kafaɗa."

Abin da ke bayan nasa jikarsa ce, malamar makaranta, tana goge takalmi a bakin ƙofa. Ni mai sayar da kayan lantarki ne na cikin gida, irin su dutsen guga da fanka da injin markaɗe. Tsohon kuwa duk layinmu Mai Agogo muke ce masa. Shekara goma sha takwas teburinsa na gilashi yana jingine da bangon shagona, yana gyaran agogo da ɗan tabaron nan mai ido ɗaya, har rawar hannu ta tashe shi shekara huɗu da suka wuce. Ban taɓa ganin ya fara aiki bai sha gahawa ba, baƙa ƙirin, ba madara ba sukari. Ranar bai miƙo min hannu ba. Hagu ya ɗaga min daga nesa, damansa na cikin aljihun riga, ni kuma ban kawo komai a raina ba.

Na san abin da ya kawo su, don Malama ta biyo ta shagon tun jiya ta zayyana min. Kwana tara da suka wuce butar ruwan zafi ta kuɓuce masa a kan murhun gas, ta ƙona masa ƙafa, wuta kuma ta yi ta ci har maƙwabciya ta ji ƙauri. 'Yarsa, wato mahaifiyar Malama, ta yanke hukunci: ƙarshen wata zai bar ɗakinsa ya koma gidanta. Shi kuwa a ɗakin nan matarsa ta rasu, ya ce ba inda za shi. Malama ce ta shiga tsakani. Ta ce a ɗauke gas ɗin, a riƙa aiko masa da abinci, a saya masa injin gahawa. In ya iya haɗawa da kansa a gabanta, ya zauna. In ya kasa, ya tattara kayansa. Uwar ta amince, amma ta ce Malama ce shaida, in ta yi mata ƙarya ba ta yafe ba.

"Ka ji shi ko?" in ji Malama tana shigowa. "Mutumin da na tsinta ba mai so, na rufa masa asiri na aura."

"Ke kika tsince ni? Ranar da aka haife ki, ungozoma ta leƙa fuskarki ta ce a fara neman mai haƙuri tun yanzu. Aka zagaye gari kaf ba a samu ba sai ni."

"Wane haƙuri? Haƙora huɗu gare ka, biyu ma ba sa gaisawa da juna."

"Da cikakken baki na aure ki. Girkinki ne ya kore su ɗaya bayan ɗaya."

"Allah ya ba ka haƙuri, Ango. Zauna kafin iskar fanka ta ɗauke ka."

Na jawo masa kujera. Bai zauna ba. Na jera musu injuna uku a kan kanta, don ni ba na son mai saye ya ga goma, sai ya ruɗe ya tafi bai sayi ko ɗaya ba. Na fara da babban, mai jikin ƙarfe yana sheƙi.

"Wannan irin na manyan shaguna ne," na ce. "Ka cika wannan ludayin ƙarfen da garin gahawa, ka danne shi, ka maƙala a nan, ka murɗa da ƙarfi har ya kama."

"To bismillah," in ji Malama. "Gwada."

"Ni? Wannan ai gaban mota ne aka yanko. A shekaruna ina zan je neman lasisi?"

"Ciro hannunka ka murɗa, ba hawa za ka yi ba."

"Hannun ya yi yaji. Tun da ya ƙare wa matar da na aura kallo ya ce shi ba zai iya zaman nan ba."

"Ya yi daidai. Sai ka je biko."

"Na je sau uku. Iyayensa sun ce ba ya nan."

Muka yi dariya, ni har da buga kanta. Na ture babban gefe na jawo na biyu, baƙi, mai fuskar gilashi irin ta waya.

"Wannan ba murɗawa, Baba. Taɓawa kawai. Shi zai niƙa, shi zai dafa, shi zai zuba."

"Ka ji irin wanda ya dace da rago," in ji Malama.

"Ke kika san rago. Ina ganin ki tun kina ƙarama, in aka ce ki share tsakar gida sai cikinki ya fara ciwo." Ya dube ni. "Juya min bayansa."

Na juya. Ya sunkuya ya kai ido kusa, ya bi gefe da gefe a hankali, yadda na saba ganin yana bin bayan agogo.

"Ina notinsa?"

"Ba shi da noti, Baba. Manne shi aka yi tun daga kamfani."

"To ta ina ake buɗe shi in ya samu matsala?"

"Gaskiya ba a buɗewa. Sabo ake saye."

"Shi kuma tsohon fa?"

Na hau gyara wa injin zama, don amsar ba ta da daɗin faɗi a gaban mai gyara.

"Bola," ya amsa wa kansa.

"Kai ma ai ba a buɗe ka," in ji Malama. "Shekara talatin ina neman notinka ban gani ba."

"Shi ya sa kuka fara duba min bolar da ta fi kusa."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Malama ta gyara zaman jakarta a kafaɗa, ta ce in kawo na uku. Ɗan ƙarami ne, fari, irin wanda nake ajiyewa a ƙasan kanta don ba ya jan ido. Tulun gilashi ɗaya, wurin zuba ruwa ta sama, wurin sa takardar tacewa, sai maɓalli guda a gefe.

"Ga shi nan," in ji ta. "Ko akuya aka nuna wa sau biyu za ta iya."

"To ki saya wa danginki."

"Dangina ai kai ne babbansu."

"Wannan na marasa lafiya ne. Irinsa ake ajiyewa a gefen gadon asibiti."

"Taɓa maɓallin kawai."

"Fari ne. Ba ya ɗaukar datti, ke kuma ba kya wanka, in kin zo gidan za ki ɓata min shi."

"Taɓa."

"A zamaninmu gahawa sai ta ga wuta da idonta. Na taɓa dafa wadda ƙamshinta ya tayar da agogon bango da ya shekara bakwai a mace."

Ni dai na fara ƙosawa. Na ga masu saye iri-iri, kuma wanda ya fi cin raina shi ne mai kushe kaya bai taɓa ba. A zuciyata na ce tsufa ya zo wa Mai Agogo da taurin kai, 'yarsa ta fi mu gaskiya. Malama ma fuskarta ta canza. Ta sauke jakar ta ajiye a kan kujera.

"Kaka," ta ce.

Tun tana 'yar mitsitsiya take zuwa teburinsa, ban taɓa jin ta kira shi da wannan sunan ba. Ango ne, ko Tsoho, ko Maigida. Shi ma ya ji, don ya daina murmushi.

"Kaka, don Allah. Saura kwana shida. Na yi musu da Umma saboda kai, abin da ban taɓa yi ba. Na bar ajina a hannun wata na taho. Umma har ta sa an share maka ɗaki an yi fenti. In ka ƙi gwadawa me zan ce mata? Ɗaya kawai za ka taɓa."

"Na gaya miki hannun ba ya nan."

"Ka bar wasan nan haka!"

Ta kama hannun rigarsa ta ja. Hannun ya fito daga aljihu ya faɗo a kan kantar shagon kamar an ajiye tsumma. Yatsun a lanƙwashe suke, ba sa ma rawar da muka sani. Malama ta ɗauki cokalin awon gahawa ta sa masa a tafi, ta naɗe yatsun a kai, ta saki. Cokalin ya zame ya faɗi ƙasa.

Ba wanda ya sunkuya ya ɗauka.

"Tun yaushe?" in ji Malama.

"Kwana tara. Ina riƙe da butar ya sake ta, bai yi min sallama ba."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa. Ranar da kika zo duba ƙafata na faɗa. Shekaranjiya a waya na faɗa. Yanzu a gaban mutumin nan na faɗa, kika ce ya yi daidai."

"Ai na ɗauka wasa ne!"

"To da wane bakin kike so in faɗa? Uwarki in na ce mata kaina na ciwo, kafin in rufe baki ta iso da mota da akwati. Ke kaɗai nake iya gaya wa magana. Ke kuma duk abin da na gaya miki dariya kike yi, don haka na koya miki."

Kunya ta rufe ni, don ni har kanta na buga. Hannun nan na sha ganin ya ɗauki notin da bai kai ƙwayar yashi ba, ya zaunar da shi a raminsa, yana yi yana ba ni labari. Agogon hannuna da nake sanye da shi a lokacin, shi ya tashe shi sau biyu. Wallahi na ji tausayinsa, na rasa inda zan sa idona, na hau goge kantar da ba ta yi ƙura ba.

"Umma ta ɗauka mantuwa ce," in ji Malama. "Kowa cewa yake ka fara ruɗewa."

"Na ji su. Na bar su. Gara a ce kaina ne da a ce hannuna ne."

Ta share ido da gefen mayafi. Ta daɗe tana kallon hannun, sannan ta ɗago, ta yi ƙoƙarin mayar da muryarta ta ɗazu.

"To Ango, yajin ne da gaske, ko saki ne?"

"Ban sani ba. Bai bar takarda ba."

Ta yi wata 'yar dariya da ta fi kama da kuka. Shi kuma ya ɗauki hannun daman da hagunsa, ya gyara masa kwanciya a kan kanta, ya juyo gare ni.

"Juya min bayan na marasa lafiyan."

Na juya. Noti huɗu, ɗaya a kowace kusurwa. Ya gyaɗa kai.

"Jona shi. Kawo ruwa da gari. Uwarta ta ce in haɗa da kaina, ba ta ce da wane hannu ba."

Na jona, na kawo gorar ruwa da gwangwanin gahawar da nake gwada wa mutane da ita. Ya ce in buɗe murfin gorar kawai, a gida daga famfo zai tara. Ya cika tulun gilashin, ya ɗaga da hagu, ya ji ya yi masa nauyi. Ya rage ruwan zuwa layin kofi biyu, ya sake ɗagawa, ya juye a cikin injin. Kaɗan ya bi gefe. Takardun tacewa suka manne da juna, ya yi ta fama da su da babban yatsa, suka ƙi rabuwa. Malama ta miƙa hannu.

"Ke shaida ce ko 'yar aiki?"

"Rabawa kawai zan yi."

"Gobe da safe kina nan? Koma baya. Tsayinki ma bai kai kantar nan ba, kina tare min haske."

"Ni ce ma gajera? Kai da sai an ɗora ka a kan bulo ake ganin ka a hoto?"

"Hoton da kike ciki ai ba a wanke shi, mai hoto ya ce injinsa ba zai ɗauka ba."

Suna wannan na tuna akwai rariyar ƙarfe da ke shiga wurin takardar, ba sai an canza kullum ba, kurkurewa kawai ake yi. Na ɗauko na ajiye kusa da shi. Ya dube ta, ya dube ni, ya ɗauka ya sa. Na tsinto masa cokalin daga ƙasa na goge. Cokali na farko rabinsa a kan kanta ya zube. Ya tsaya, ya matso da gwangwanin har ya taɓa jikin injin don tafiyar ta yi gajarta. Na biyu ya shiga duka, na uku ma haka. Ya rufe, ya zaunar da tulun a wurinsa, ya danna maɓallin da gefen yatsa. Ƙas.

Muka tsaya mu uku muna kallon ɗan farin inji kamar masu jiran sakamakon asibiti. Can ya fara gurnani, ruwa ya fara ɗiga baƙi. Mai Agogo ya kai kunnensa kusa, ya lumshe ido.

"Numfashinsa daidai yake," ya ce. "Ba ya gaggawa."

Ƙamshi ya cika shagon. Saura zubawa, kuma nan ne na fi jin tsoro, don a nan butar ta ci amanarsa. Ya jawo kofi, ya tokare shi da tsintsiyar hannun daman don kada ya gudu, ya ɗaga tulun da hagu. Bakin tulun ya yi ta bugun bakin kofin, ƙal-ƙal-ƙal. Malama ta damƙe gefen kantar. Gahawa ta zuba, wata a kofi, 'yar kaɗan a waje. Ya mayar da tulun, ya kashe maɓallin ba tare da an tuna masa ba. Goshinsa duk zufa.

Ya ɗauki kofin ya miƙa mata.

"Gafara, Uwargida, hagu ce."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Ɗaci kamar halinka."

"Sha dai. Wataƙila ta gyara miki fuska."

Ta shanye tas, ita da na san ko shayi sai ta zuba masa sukari cokali uku. Ta ajiye kofin ta ciro waya.

"Zan gaya wa Umma duka."

"Rabi ya isa. Ki ce na haɗa, ai ba ƙarya kika yi ba."

"Duka, Kaka."

"Wace irin mata ce ke, ba kya rufa wa mijinki asiri?"

"Irin wadda ba ta shirya zaman takaba ba. Kwana tara kana yawo da hannu a aljihu, likita bai gani ba."

Ya kau da kai. Ta kira, ta ɗan matsa wajen fankoki, amma shagon ƙarami ne, muna ji.

"Umma, ya haɗa. Da kansa, tun daga ruwa har zubawa, na sha ma. Ya kashe da kansa. Amma Umma, da hagu ya yi. Daman ba ya kama komai tun ranar butar. Ba mantuwa ba ce."

Ta daɗe tana saurare. Sannan ta dawo ta kara masa wayar a kunne. Duk bakin nan nasa ya mutu. "To," kawai muke ji. "To. Na ji. To. Allah ya yi miki albarka." Malama ta janye wayar.

"Me ta ce?"

"Kuka take yi." Ya ja numfashi. "Ta ce alkawari ta yi, ba za ta saɓa ba, in zauna a ɗakina. Amma asibiti yanzu-yanzu, tana hanya za ta same mu a can. In likita ya ce wani abu daban, a sake zama." Ya harari Malama. "Ke kika jawo min."

"Ni na ce ka tsufa?"

"Da ganin ki na tsufa."

Na sa injin a kwali, na haɗa da rariyar, na ɗaure da igiya na yi masa mariƙi a sama yadda hannu ɗaya zai iya ɗauka. Malama ta sallame ni ta rataya jakarta. Sun kai bakin ƙofa ya tsaya, ya ce ta dakata. Ya laluba aljihun hagu ya ciro zoben makullai. Makullin ɗakinsa biyu ne a jiki iri ɗaya, kuma duk layin an san ko 'yarsa bai taɓa ba wa ɗaya ba. Ya yi ƙoƙarin zare guda da farce, zoben ya ƙi buɗuwa. Ya gwada da haƙori. Daga ƙarshe ya yi dariya, dariya ta gaske wadda ta nuna haƙoran nan huɗu, ya miƙa mata zoben gaba ɗaya.

"Kin ci. Cire ɗaya."

Ta zare, ta riƙe shi a tafin hannu tana kallo.

"Yau na tare ke nan?"

"Allah ya kiyaye. Kullum kafin ki wuce makaranta ki biyo, za ki tarar da kofinki a kan tebur. Ki ƙwanƙwasa kamar mai tarbiyya."

"To makullin na mene ne?"

"In kin ƙwanƙwasa sau uku ban zage ki ba, ki buɗe."